Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu bakala da shagunan kayan abincinmu a Makka da Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena, Alhazai da Hajiyoyi masu bakala da shagunan kayan abincin gida, tun daga Misfala da Shara Mansur da Jarwal har zuwa 'yan'uwanmu na Jidda, ina gaishe ku da sana'a. Allah ya ƙara albarka a ciniki. Ɗanku ne ke rubuto muku, wanda abincinsa ke cikin aikin feshin ƙwari. Da yawanku kun san ni da tanki a baya ko da ba ku riƙe sunana ba. Abin da zan faɗa ba zan iya faɗinsa ido da ido ba, domin kunya ba za ta bar ni in tsaya a shagon sa'an mahaifina ina yi masa gyara ba. Shi ya sa na koma ga rubutu. In harshena ya yi kaushi, a yi mini afuwa.

Roƙona ɗaya ne, sauran maganar duk a kansa ta rataya: ku fitar da ƙwayar bom daga shagunanku. Ina nufin ƙwayar nan mai ruwan toka da ke zuwa cikin gwangwani, wadda ake ƙullewa a tsumma ko takarda a cusa tsakanin buhunan wake da shinkafa. Sunanta a takarda aluminiyam fosfaid. An yi ta ne domin manyan rumbunan hatsi da kwantenoni da cikin jiragen ruwa, wuraren da ake toshewa ruf, a kafa alamar haɗari, a kori kowa. Dokar ƙasar nan ta hana sa ta a gidajen zama, kuma ba kowa aka yarda a sayar wa ba. Duk da haka mun san tana yawo hannu da hannu. Wani ya samo wajen mai gona, wani an sako masa cikin kaya daga gida, har akwai mai ba da ita kyauta yana ganin taimakon ɗan'uwa ya yi.

Ƙwaya ɗaya giram 3 ce. Da ta ji danshin iska sai ta fara rugurgujewa tana sakin iskar fosfin, kimanin giram 1 daga kowace ƙwaya, ta bar gari kamar toka. A kunne giram 1 ba komai ba ne, amma ya ishi ya lalata iskar ɗaki guda fiye da abin da jikin mutum zai ɗauka, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa ɗaya tak ba. Iskar ba ta da launi. Wani lokaci akan ji wari irin na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, to a shagon da ake sayar da daddawa da busasshen kifi wa zai lura? Kuma ba ta zama inda aka ajiye ta. Tana bin ramin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da bututun wayar lantarki da magudanar banɗaki da ƙarƙashin ƙofa. Shagunanmu kuwa kusan duka a ƙasan bene suke, iyali na kwana a sama, wasu a bayan bango.

Da amai take farawa, da ciwon ciki da jiri da ƙuncin ƙirji. Uwa sai ta ɗauka abincin dare ne ya ɓata wa yara ciki, ta ba su magani, ta mai da su kan katifa a ɗakin da tagoginsa ke rufe saboda sanyin mukayyif. Can cikin dare zuciya ta gaza. Har yau likitoci ba su da makarin wannan guba, iyakarsu su tallafi zuciya da numfashi su jira ikon Allah. Jidda ta sha ganin haka, jaridun ƙasar nan sun sha bugawa: a sa ƙwaya a gida ɗaya, a kulle a yi tafiya, gawa ta fito daga gidan maƙwabci, kuma galibi ta ƙananan yara ce.

Akwai wani sito da aka kira mu saboda kyankyaso. Ina ja da buhun gero baya sai ga ƙulle-ƙullen tishu a jere jikin bango, kowanne da garin toka a ciki, wasu ƙwayoyin ba su ma gama cinyewa ba. Taku kaɗan daga nan katifa ce a naɗe, ga cajar waya a soket, ga butar alwala. Nan yaron shagon ke kwana. Na tambaye shi ko yana ciwon kai, ya ce ai da shi yake tashi kullum, ya ɗauka rashin barci ne. Maigidansa mutumin kirki ne, ɗan sahun gaba a masallaci, shi ya karɓo yaron amana daga hannun iyayensa. Da na yi masa bayani sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce shi dai ya ga haka ake yi a gida. A gida ma ganganci ne, amma can aƙalla rumbu na tsaye a fili, iska na kaɗawa, ba wanda ke kwana a kansa.

Abin takaicin shi ne, a yadda ake sa ta a shago ko aikin ba ta yi. Kafin fosfin ya kashe ƙwaro da ƙwansa sai an tsare iskar a wurin da ba ta zurarewa har kusan mako guda. Sitonmu kuwa ƙofa na buɗewa sau ɗari a wuni. Manyan ƙwarin da ke yawo a bayan buhu su ne ke mutuwa, a share su da safe a ce magani ya ci. Ƙwai da tsutsar da ke kwance cikin ƙwayar hatsi ba abin da ya same su. Bayan 'yan makonni sai su fito, kuma waɗanda suka sha kaɗan suka rayu su ne ke haifar masu taurin rai. Sai mai shago ya ce an sayar masa da jabu, ya ninka adadi.

Ƙanwar wannan ɗabi'a ita ce yayyafa fiya-fiya a kan wake ko busasshen kifi. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dikulobos da aka samu a jikinsa, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Turawa sun ƙi shi, mu kuwa irinsa kan iso mana a jakunkunan matafiya, wani kuma a nan ake ƙara masa. Waken da ke warin magani, ko wanda ya yi watanni a buɗe ƙwaro bai ko kalle shi ba, ku tambayi wanda ya kawo shi abin da aka zuba masa. Matanmu ne za su yi alala da ƙosai da shi su sayar wa 'ya'yanmu.

Za ku ce, to yaro, mu bar jari ya zama gari? A'a. Na san buhun wake da ya ƙetaro Bahar Maliya ba ƙaramin kuɗi ya ci ba. Amma ku duba inda ƙwaron ke fitowa. Ƙwaron wake ba daga titi yake shigowa ba, tun daga gona yake biyo waken. Ku ɗebi wake a tafin hannu ku kai shi haske: waɗannan 'yan ɗige-ɗigen farare da ke manne a bayansa ƙwai ne. Tsutsa na ƙyanƙyashewa ta huda ta shige ciki kai tsaye, ta ci ta ƙoshi, a zafi irin namu cikin mako 3 zuwa 4 ta fito da fiffike ta bar rami zagayayye. Na shinkafa da dawa ma ya fi wayo, uwar ce ke huda ƙwayar ta saka ƙwai a ciki ta liƙe bakin, ido ba ya gani. Ke nan buhun da ya iso yana sheƙi yana iya zuwa da cutarsa a ciki, kuma ranar isowarsa ce ranar magani, ba ranar da aka ga ƙwari na tashi ba.

Abu uku ke kashe su ba tare da guba ba: sanyi, zafi, da rashin iska. Firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifili, in aka ƙulle wake ko gero ko garin kuka ko barkono a leda aka bar shi mako guda a ciki, ba ƙwai ba tsutsa. Sai dai in an fitar kada a kwance ledar sai ta huce, in ba haka ba raɓa ta sauka a kan kayan su yi fumfuna. Zafi kuwa Allah ya hore mana shi kyauta. A saman bene, a shimfiɗa baƙar leda a kan kwali ko tabarma, a baza wake siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki a danne gefunanta, a bar shi awa biyu da tsakar ranar bazara. Zafin da ke taruwa a ciki ba ƙwaron da ke jure shi, ledar saman kuma ta raba ku da tattabarun Makka. Na ukun shi ne duro ko jarka mai murfi da roba a baki: a cika ta fal, a ɗaure, ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu da kansu. Wannan dabarar ce ke cikin buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Manoman Kano da Maraɗi sun san shi sarai. Mai aiko muku da wake, ku ce ya zuba a cikinsa tun daga can.

Sannan a rage haɗama wajen sari. Gab da azumi da lokacin Hajji kowa na cika sito har rufi, sabon kaya a gaba, tsohon ya koma can ƙurya ya zama gidan haihuwa. A rubuta ranar isowa a jikin kowane buhu, wanda ya riga shigowa ya riga fita. A ɗora kaya a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda mutum da tsintsiya za su wuce. Tsofaffin buhunan algarara da ake tarawa wai za su yi amfani, a rabu da su. Akwai wani ƙwaro da ake kira kafra, mai son zafi da fari irin na ƙasar nan, tsutsarsa mai gashi-gashi tana iya lafewa a saƙar buhu ko tsagar bango fiye da shekara ba ci, tana jiran sabon hatsi.

Wake in ya riga ya huje, ya huje. Tankaɗe shi a gauraya da sabo, ko a zuba mai kyau a saman tire a ɓoye mai hujin a ƙasa, kun fi ni sanin hukuncinsa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce mai algus ba ya tare da shi. A ware shi, a faɗa wa mai saye, a rage kuɗi.

Kyankyaso kuma nasa lissafin daban. Ƙaramin nan mai ruwan ƙasa da ya addabi bakaloli, a kwali yake zuwa, cikin ramukan da ke tsakanin takardun kwalin, ya tare a bayan tallaja, wato firij, inda inji ke ba shi ɗumi, tiren ruwa ke ba shi sha. Macen na yawo da jakar ƙwai mai ɗauke da 30 zuwa 40. Mai son sanin gaskiyar shagonsa ya dawo bayan an rufe, ya bar fitila a kashe, ya haska tocilan bayan tallajar lemo da ƙarƙashin teburin kuɗi. In har kuna ganinsa da rana tsaka yana yawo, to maɓoyar ce ta cika. Feshin gwangwani da yaranku ke yi kowane dare warwatsa su kawai yake yi, su bar bayan tallaja su koma cikin kanta, ga kuma maganin na sauka a kan burodi da bakin gwangwanin madara. Abin da ke cin su shi ne maganin nan mai kauri da ake ɗigawa kamar ƙwayar gero a lunguna, su ci su koma maɓoya su mutu, 'yan'uwansu su ci gawar su bi su. Amma in aka yi feshi a kan maganin an lalata shi, kuma in ƙasa cike take da ɓurɓushin biskit ba za su kula shi ba. A juye kaya a fitar da kwali waje a ranar. Babban kyankyason nan ja kuwa daga magudana yake hawowa, murfi da raga a bakin rami sun gama da shi.

Sai ɓera. A nan ba mai jin nauyin kashe shi, domin hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa shi cikin abubuwa biyar da ake kashewa ko a cikin Harami. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, mu ne ke yi masa shimfiɗa. Ƙaramin ɓera na wucewa ta ramin da fensir zai shiga, kimanin milimita 6, babban kuwa milimita 12 ta ishe shi. Ku sauke ƙofar ƙarfen shagonku da rana ku tsaya daga ciki: duk inda haske ya shigo ta ƙasa, ƙofarsa ce. Haka ramin da mai haɗa mukayyif ya fasa ya toshe da tsumma. Cikin ƙaramar ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, ta haifi biyar ko shida, 'ya'yan su kai haihuwa cikin wata ɗaya da rabi. Haƙoransa ba sa daina tsiro, shi ya sa yake gwaguyar wayar lantarki, kuma gobarar dare a shago ba ƙaramin abu ba ce ga masu kwana a sama. Abin da yake ɓatawa da fitsari da kashi ya fi abin da yake ci yawa. Duk unguwar da aka yi rusau kusa da ita kuma, ku sa ran baƙi, ɓerayen da aka tasa ba sa tafiya da nisa.

A toshe ramuka da siminti da ragar ƙarfe, ba da kumfa ko kwali ba. A sa wa ƙasan ƙofa roba ko ƙarfe. Ruwan mukayyif da ke ɗiga a bayan shago a ja shi da tiyo zuwa magudana, domin a garin da ruwan sama ya yi ƙaranci shi ne rijiyar ɓeraye. A cikin shago tarko kawai, a jera jikin bango inda suke bi. Guba tana waje, cikin akwati mai makulli. Baƙin garin nan da ake barbaɗawa a kan tumatir ko burodi a tura ƙarƙashin kanta, yaro mai rarrafe da ya shigo da uwarsa ba ya bambanta shi da abinci, kyanwar unguwa ma haka.

Kada ku ce talla nake yi wa sana'ata. Rabin abin da na lissafa, in kun yi shi, kiranmu zai ragu ne. Kuma a cikinmu ma akwai ɓata-gari, masu liƙa lambar waya a ƙofofi, su zo da ruwan magani a gorar da ba rubutu, su yi alkawarin ba za ku ƙara ganin ƙwaro ba har shekara. Wanda ya zo muku, ya nuna lasisin kamfaninsa, ya nuna kwalbar maganin da tambarinta, ya rubuta muku sunan abin da ya sa da ranar. Wanda ya ce ku kulle shago ku ba shi kwana biyu zai sa "ƙwaya", ku raka shi bakin titi.

Shago ɗaya ba ya gama da ɓera ko kyankyaso shi kaɗai, bango ɗaya ne, magudana ɗaya ce. Dattawan kowane layi su tara masu shaguna da masu tuwo da masu gasa nama, a ɗauki kamfani ɗaya mai lasisi, a yi aiki rana ɗaya, a raba kuɗin. A haɗa hannu a sayi babbar firiza ta kayan da ke zuwa daga gida. Kwandon sharar da ke bayan layi in ya fashe ko ya kwana ba a kwashe ba, a kira baladiyya, wato hukumar gari, a 940, aikinsu ne. Limamanmu da masu wa'azi da Hausa, don Allah ku ba wannan magana minti biyar bayan sallah, domin daga bakinku za ta fi shiga fiye da daga bakin mai tanki.

Na san abin da ke sa wasunmu nauyin kiran hukuma. Wani iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, wani yaronsa ba takarda, wani tsoron tara da rufe shago yake yi. Ba raina wannan tsoro nake yi ba, a cikinsa muka tashi. Amma in mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kama amai lokaci guda, kuma an san an sa magani a ginin, a fitar da kowa waje nan take, har maƙwabta na sama da na gefe, a bar ƙofofi a buɗe, a kira 997 ko 911. A gaya wa likita sunan abin da aka sa, a nuna masa gwangwanin ko hotonsa. Ɓoye sunan na sa a yi ta maganin ɓacin ciki alhali zuciya ce ke tafiya, kuma wanda ya ji sauƙi da farko yana iya rikicewa bayan awoyi, don haka ba a cewa a bari a gani zuwa safe.

Wanda kuma yake da ragowarta a sito yanzu haka, kada ya zuba mata ruwa, domin ruwa na sa ta saki iskar gaba ɗaya har ta kama wuta. Kada ya jefa ta a kwandon shara, masu kwasa ma 'ya'yan wasu ne. Ya bar gwangwanin a rufe yadda yake, ya hana kowa kwana a wurin, ya kira jami'an difa'ul madani, wato 'yan kwana-kwana, a 998 su gaya masa yadda za a ɗauke ta.

Allah ya tsare mana iyali da dukiya. A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Ɗanku mai aikin feshi, daga Makka.